Gayyar Kwanciya a Ɗakin Maza

Bari in fara da waɗanda suke wurin ran nan, don kada gobe wani ya ce Talatu ta ƙara gishiri. Akwai Dakta Lawal, babban likitan mafitsara, wanda ɗakin yake hannunsa. Akwai Dakta Nura, ɗan garin Dayi, wanda ya gama karatun likita ya zo yana koyon tiyata a ƙarƙashinsa. Akwai Sista Rabi, shugabar nas-nas. Akwai baƙin da aka aiko su duba mu: Farfesa Bukar, Babarbare daga Maiduguri, da wata likita 'yar Kudu da ba ta jin Hausa. Akwai Alhaji Sule, manomin auduga daga Ƙarfi, da Malam Buba, Bafulatani da ke zaune a bayan garinsu, da wasu tsofaffi cikin a-kori-kura guda. Sai ni, Talatu atenda, da bokitina.

Ku da aka ɗauka aiki bana, na ji ɗayarku tana cewa aikin atenda ai shara ce da goge-goge, kowa ya iya. To, madalla. Ni ban taɓa zama a aji ba, da dangwale nake sa hannu har na bar aiki, amma a ɗakin maza masu ciwon fitsari na yi furfura, kuma ina gaya muku tsintsiya ita ce mafi sauƙin abin da za ku riƙe.

Kayan aikina ba su da yawa. Bokiti biyu, ja da shuɗi. Ja na ƙasa ne da abin da ya zube, shuɗi na gado da kabad, kuma da ina nan, ranar da na ga kin tsoma tsumman wannan a wancan, ranar za ki san ni. Sai fo, sai tasar ƙarfe mai lanƙwasa kamar ƙwayar wake, sai safar hannu, sai zannuwan gado, sai labule mai taya. Labulen nan ya fi su duka. Mara lafiyarmu mutum ne mai mata da 'ya'ya da jikoki, wanda ake tashi a ba shi tabarma in ya iso ƙofar gida. Tsufa ya zo, tsokar nan da ke bakin mafitsara ta kumbura ta toshe hanya, fitsari ya tsaya. Sai ki gan shi ya shigo ƙafa a rarrabe, yana gumi, yana cewa da sauƙi. Ciwon yana cin sa, amma kunya ta fi cin sa. Kafin likita ya iso kin ja labule. Ke kina waje, kina miƙa abin da aka nema ta gefe, idonki a ƙasa. Na yi shekaru haka, har na san takalmin kowane likita ta ƙarƙashin labule, kuma daga tsayuwar ƙafa nake gane ko aiki yana tafiya ko ya cije.

Inna Tabawa ce ta koya mini, Allah ya ji ƙanta. Ranar farko ta kai ni gadon wani tsoho da aka sa wa roba, robar ta sauka zuwa ledar fitsari da ke rataye a gefen gado. Ta ce in canza masa zani ba tare da na tashe shi ba. Ta koma bayana ta tsaya, hannu biyu a baya. Na kama kafaɗarsa zan juya shi, ta ce, "Tsaya. Ledar fa, ita wa zai juya?" Na matsar da leda. "To, juya. Naɗe zanin ki tura ƙarƙashin bayansa. Ba haka ba, kina naɗe tabarma ne?" Da zani ya yi mini gardama na ce, "Inna, ki karɓa mana." Ta ce, "In na karɓa, ni ce na iya, ke ba ki iya ba. In kuma na tafi na bar ki, shi ne ya shiga uku. Yi." Haka ta tsaya a bayana wata da watanni, baki bai huta ba, hannu bai taɓa komai ba. Ku riƙe wannan tsayuwar tata, za ta dawo a labarin.

Abu na biyu da za ku sani shi ne ɗakinmu yana bin gona. Tsohon ƙasar nan, daga Funtua har Malumfashi, ba ya kwanciya a asibiti da damina. In fitsari ya tsaya masa zai zo a sa masa roba, ya ɗaure ledar a cinya cikin wando, ya koma noma. Likita ya ce, "Baba, aiki ya kamata a yi maka." Ya ce, "In sha Allahu, bayan kaka." Ka ce masa ransa ne, ya ce maka masara ta fara bunni. Sai an karya masara, an cire auduga an kai Funtua, sannan su taho kamar an busa musu ƙaho. Lokacin nan har baranda muke shimfiɗa katifa, ni kuwa ina wanke fo har yatsuna su yi fari. Amma da marka, kina iya shanya kuɓewa a kan gadajen, ba mai hana ki.

Mun taɓa yin mummunar shekara. Likitan da ke yin aikin ya tafi, ba a kawo wani ba. Kaka ta yi, tsofaffi suka zo da guzurinsu, aka ce su tafi Zariya. Can kuma layi ne, a ba mutum rana mai nisa, kafin ranar ta zo damina ta sake faɗuwa. Akwai waɗanda suka yi damina biyu da roba a jiki. Akwai waɗanda ban sake gani ba, sai dai 'ya'yansu su tare ni a kasuwa su ce Baba ya rasu. Ɗakin aka mayar ma'ajiyar karyayyun kujeru, ni aka kai ni sharar bakin ƙofa. Ba na son dogon bayani a kan wannan shekarar.

Da Dakta Lawal ya zo, mu biyu muka fitar da kujerun nan. Shi ne kuma ya nemo izinin a riƙa turo masa ƙananan likitoci su ƙware a hannunsa, don ya faɗa tun farko, mutum ɗaya ba ya riƙe ɗakin nan, in ba mataimaki shi ma tafiya zai yi. Izinin kuwa ba na har abada ba ne. Manyan likitocin ƙasa sukan aiko mutanensu lokaci-lokaci su duba wurin: akwai marasa lafiya da za a koya a kansu? Yaron yana riƙe wuƙa, ko fitila kawai yake riƙe wa maigida? In yana riƙe wuƙar, babba yana tsaye a kansa, ko an sake shi ne kamar akuya a kasuwa? Akwai wuta, akwai ruwa, akwai kayan aiki? In suka ce wurin bai isa ba, sai a kwashe yaran. Wato a namu lissafin, Dakta Nura ya naɗe kayansa, Dakta Lawal ya bi bayansa, karyayyun kujeru su dawo.

Sai aka aiko cewa baƙin za su zo ran wata Laraba a tsakiyar marka. Waɗanda suka sa ranar mutanen birni ne, ba su san ciyawa ba. Marasa lafiya biyu muke da su a ɗakin gaba ɗaya.

Ana saura mako guda Alhaji Sule ya zo a duba shi, don bara aka yi masa aiki. Ina goge taga na ji ya ce, "Likita, lafiya ka rame haka? Ko amaryar ce ba ta iya tuwo ba?" Dakta Nura ya yi murmushin dole ya ce, "Alhaji, baƙi ne za su zo duba mu ran Laraba, ga gadaje wayam. In suka ce ba marasa lafiya, ɗauke ni za a yi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni shaida ce. Bai roƙi komai ba. Alhaji Sule ya gyaɗa kai ya ce Allah ya kyauta, ya tafi. Ashe ran Juma'a, ana sallamewa, ya miƙe a ƙofar masallacin Ƙarfi ya kira gayya, kamar yadda ake kira in ciyawa ta ci gonar mutum ta fi ƙarfinsa. Ya ce gonar yaron nan ɗan Dayi ce ta kwanta, kuma ba fartanya ake so ba, bayan mutum ake so a kan katifa.

Ran Talata na shimfiɗa sababbin zannuwa a kowane gado, farare tas, na ja su har sai da suka miƙe kamar takarda. Laraba da sassafe ana yayyafi na je ɗebo ruwan zafi. Ina dawowa na tarar da ɗaki cike. Kowane gado da tsoho a kai, da hularsa, da jan taɓon Ƙarfi a dugadugansa. Wani ya tura fartanya ƙarƙashin gado, don daga nan gona zai wuce. Wani yana jin rediyo, yana ganina ya kashe ya fara nishi. Nishin ma ba su daidaita ba, in na wuce gado sai mai gadon ya fara, in na gota ya huta.

Na ajiye bokiti na tsaya a kan Alhaji Sule. Ya lumshe ido, ya ɗora hannu a ciki.

Na ce, "Alhaji, mene ne wannan?"

Ya ce, "Ciwo, Hajiya Talatu. Ciwo ya tashi."

"Ciwon me?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Duk wanda baƙin suka fi so."

"Ba kai na gani ran kasuwa kana ɗora buhun masara a kan babur ba?"

"Ai tun daga ranar ne."

Sista Rabi ta shigo, ta duba, ta koma baranda ta riƙe ginshiƙi tana dariya har da hawaye. Dakta Nura ya shigo, ya tsaya kamar an dasa shi. Dakta Lawal ya zo ƙarshe, ya bi gadajen da ido ɗaya bayan ɗaya. Sista Rabi ta share ido ta matso ta ce a hankali, "Dakta, ko a bar su? Wa zai sani?"

Ya ce, "Mutumin da zai zo tun ba a haifi Nura ba yake duba marasa lafiya. Riga ɗaya zai ɗaga ya ga tabon bara. In ya kama mu da ƙarya ɗaya, gaskiyar da muke da ita ma ba zai karɓa ba."

Amma ya kasa korar su. Sa'o'in babansa ne, sun bar gonakinsu a ranar da kowace fartanya take da aiki, sun zo don yaronsa. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Talatu."

To, wannan ma yana cikin aikin atenda, ku rubuta a ranku. Na buga bokiti da murfin fo har kowa ya yi tsit. Na ce, "Sannunku da zuwa. Duk wanda na samu a kan gado nan gaba kaɗan, mara lafiya ne. Mara lafiya kuwa a ɗakin nan da roba ake fara masa. Sista, a kawo robobin, masu kaurin nan."

Ban taɓa ganin waraka irin ta ran nan ba. Mai rediyo ya bar takalminsa. Mai fartanya ya fita, ya dawo da gudu ya ɗauke ta. Alhaji Sule ya sauko yana gyara babbar riga yana cewa, "Haba Hajiya, ba a yi wa 'yan gayya haka." Malam Buba ne ƙarshen fita, daga gadon jikin taga, yana dafa bango. Motar da ta kawo su ta tafi kai taki, ga ruwa ya ƙaru, sai suka jeru a bencin baranda. Ni kuwa na shiga yaye zannuwa. Ban kai rabi ba motar baƙi ta tsaya.

Farfesa Bukar gajere ne, baƙi, da zane a fuska, da takalmin fata irin na masallaci. Ya dubi baranda cike da tsofaffi, ya leƙa ɗaki ya ga gadaje wayam, ban da biyu, da sawun taɓo a kai, ya dubi Dakta Lawal. Dakta Lawal ya gaya masa komai yadda ya faru, bai rage ba. Farfesa ya yi dariya har sai da ya cire tabarau, ya juya wa likitar nan da Turanci, ita ma ta rufe baki da hannu. Sannan ya ce, "To, tunda sun zo, kada zuwansu ya tashi a banza." Ya ce a matsa masa, ya zauna a benci a tsakiyarsu.

Ya ce da Alhaji Sule, "Alhaji, an ce an yi maka aiki a nan. Wa ya yi maka?"

Alhaji Sule ya gyara zama, ya ga ranar taimako ta zo. Ya nuna Dakta Nura ya ce, "Wannan yaron. Shi kaɗai."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai, ranka ya daɗe! Allurar baya aka yi mini, ido biyu nake. Daga yanka har ɗinki hannunsa ne. Ba wanda ya taya shi ko da tsinke."

Sauran suka ɗauka: "Haka ne, ni ma shi kaɗai." "Ai yaron nan ba ya neman kowa." Har wanda ba a taɓa yi wa aiki ba yana cewa shi kaɗai.

Na ga dariya ta bar fuskar Farfesa. Su suna ganin yabo suke yi, ba su san sun faɗi abin da ya fi gado wayam muni ba: an saki mai koyo da wuƙa a cikin mutum ba babba a kansa. Dakta Lawal ya ce, "Farfesa, bari in…" Farfesa ya ɗaga hannu ya ce, "Ba kai na tambaya ba." Ya yi wa likitar magana, ta rubuta. Dakta Nura ya dubi ƙasa. Sannan Farfesa ya ce Dakta Lawal ya kai likitar ta ga ɗakin tiyata da kayan aiki, shi zai ƙara zama da mutanensa. Suka tafi.

Farfesa ya bi benci da ido har ya kai ƙarshe, inda Malam Buba ya ɗosana a gefe, da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Farfesa ya ce, "A'a, har da bawana a nan? Kai Bafulatani, wa ya ba ka izinin barin shanuna?"

Malam Buba ya ƙara ƙanƙame sandarsa.

Bafulatanin da Babarbare zai kira bawa a gaban jama'a ya haɗiye, ba lafiya ba. Farfesa ya sa tabarau ya ƙara dubansa. Ni ma na duba: ana sanyin ruwa, shi gumi yake yi, kuma zaman nasa ba zama ba ne. Na matsa kusa, na juya wa sauran baya, na ce, "Malam Buba, tun yaushe?"

Ya ce, da ƙyar, "Tun jiya da la'asar. Ko ɗigo."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wa zan gaya wa, 'ya'yana? Na ji ana gayya, na ce in kowa ya kwanta da ƙarya ni ma sai in kwanta a ciki, wa zai gane? Sai kika kore mu."

Na yafito Dakta Nura, ya kama shi ya shiga da shi ɗaki. Na shimfiɗa zani mai tsabta, na ja labule, Sista Rabi ta kawo tire. Farfesa ya bi su ciki ya ce da Dakta Nura, "Mara lafiyarka ne, ni kallo na zo." Na tsaya a waje da tasa, idona a ƙasa. Takalmin Nura a gefen gado, na Farfesa can a kusurwa.

Dakta Nura ya gwada roba, ba ta wuce ba. Ya ce a ba shi ƙarama, na miƙa. Ita ma ta cije. Na ga ƙafafunsa sun fara canza wuri, dama, hagu, dama. Na san wannan rawar. A nan ne wasu yaran suke dannawa da ƙarfi don kada a ce sun kasa, su fasa wa mutum hanya, jini ya biyo. Balle ga baƙo a tsaye, balle yanzu aka gama shelar cewa shi ba ya neman kowa. Malam Buba yana ta kiran sunan Allah.

Sai ƙafafun suka tsaya cak. Na ji ya ce, "Inna Talatu, kira mini Dakta Lawal. Ki ce hanya ta toshe, ba zan danna ba."

Rabona da gudu tun ina budurwa. Na bi baranda ina tsallake ƙafafun 'yan gayya, na tsaya a ƙofar tiyata, don ba a shiga da takalmin waje, na ɗaga murya. Dakta Lawal yana tsakiyar nuna wa likitar wata na'ura, ya ajiye ta a hannunta ya fito. Kafin in dawo da numfashina ya riga ni isa.

Ta ƙarƙashin labule na ga baƙin takalminsa ya zo ya tsaya a bayan na Nura. Bai zagaya gaba ba. Na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa: "Ka yi daidai da ka tsaya. Ta mara za mu bi, mu huda. Taɓa nan, ka ji ta? Ta cika kamar tulu. Allurar kashe zafi tukuna. Jira ta kama, ba inda mafitsara za ta gudu. To, miƙe hannunka. Ba haka ba, kana huɗa doya ne? Yauwa. Shiga." Aka ce a kawo tasa. Na miƙa ta gefe, kuma a 'yar kafar labulen na ga abin da na sani tun ranar farkona a ɗakin nan: hannu biyu a baya.

Sai ƙara a cikin tasa, kamar indararo ya samu bokiti. Ta cika na canza, ta sake cika. Malam Buba ya ja wata doguwar hamdala da har baranda aka ji. Sannan muryarsa ta fito, sabuwa fil: "Wane ne ɗazu yake kira na bawa? Babarbaren nan ne? A ba shi tasar ya je ya zubar, aikinsu ne tun kakanni."

Baranda ta kwashe da dariya, Farfesa ya fi kowa. Ya fito yana share ido, ya koma benci wurin Alhaji Sule ya ce, "Alhaji, ranar naka aikin, tunda ido biyu kake, ba ka ji wata murya ba?"

Alhaji Sule ya ce, "Murya kam akwai. Wancan babban yana bayansa tun farko har ƙarshe, miƙe hannunka, ba haka ba, yauwa. Har ya sa mini ciwon kai."

"To, me ya sa ka ce shi kaɗai?"

"Ranka ya daɗe, ai bai taɓa komai ba. Mu a gona, mai tsayawa yana surutu ba ma sa shi cikin waɗanda suka yi noma."

Farfesa ya juya wa likitar wannan ma, na ga ta ja layi a kan abin da ta rubuta ɗazu.

Kada ku ce daga nan sai yabo. Sun wuni suna bincike, sun samu abin faɗa. Na'urar leƙa mafitsara ɗaya ce, ta tsufa. Janareto sai an lallashe shi. Ba ɗakin da yaro zai zauna ya yi karatu, a kan bencin masu jiran magani Nura yake buɗe littafi. Duk Farfesa ya faɗa, bai sassauta ba. Da la'asar ina zuba masa ruwa yana wanke hannu, ya ce da Dakta Lawal da Hausa, "Na'ura ana saye. Abin da nake yawo ƙasa-ƙasa ina nema biyu ne, yaron da zai tsaya ya kira, da babban da zai zo bai ƙwace ba. Zan rubuta a bar maka yaronka, a ba ku lokaci ku gyara sauran. Amma zan dawo bayan kaka in ga gadajen nan da masu ciwon gaske." Ya yarfe hannu ya ƙara da cewa, "Zan kuma gaya wa mutanenmu su daina aika mutum ƙasar manoma da marka."

Dakta Nura ya shiga ɗakin ajiyar zannuwa ya rufe ƙofa. Ban bi shi ba, ban kuma bar kowa ya je ɗauko zani ba sai da ya fito.

A-kori-kura ta dawo ta kwashe 'yan gayya, ba wanda ya ba su ko ruwa. Abin ya tsaya mini. A ƙasar nan ba a tashi gayya da yunwa, kuma ni ce na kore su da murfin fo.

Washegari na jiƙa zannuwan nan a ruwan sabulu, na gaya wa Sista Rabi inda za ni. Na turara dambun masara da zogale, na dama fura, na ɗaure kwanuka a zani, na hau acaɓa zuwa Ƙarfi. Na same su a gonar audugar Alhaji Sule, sun haɗu suna rama ranar da suka rasa. Yana hango ni ya ce, "Jama'a, ku gudu, ta zo da mai kaurin!"

Na ce, "Ga abincin gayyarku. An bar mana yaron. Amma ranar da ka sake hau mini gado da taɓo, Alhaji, ko Farfesa ba zai ƙwace ka ba."

Suka zauna suka ci, suna ta maimaita maganar Malam Buba da tasar nan. Da suka kusa gamawa na miƙe na ce, "Saura magana ɗaya. Jiya mutum ɗaya ya ɓuya a cikinku, kuma ban yarda shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya san dare ba ya barin sa barci, in ya tsuguna sai ɗigo-ɗigo kamar rufin ciyawa, ina gindin ɗorawar can. Ba zan dubi fuskar kowa ba."

Na je na zauna, na juya musu baya, idona a ƙasa. Na ji an koma noma, fartanya tana ta sara. Na jira. Can sai ga ƙafa biyu da jan taɓo sun zo sun tsaya a gefena. Ban ɗaga kai ba. Jim kaɗan wasu biyun suka zo suka tsaya a bayansu.

Na ce, "Ku wanke su kafin mu tafi. Zannuwana farare ne."